Ƙarfe Ya Yi Yawa a Jini: Yadda Gurguwar Ƙwayar Cuta Ta Kashe Wani Masani a Shikago

Ranar Lahadi, 13 ga Satumba, 2009, motar asibiti ta kai wani dattijo mai shekara 60 sashen gaggawa na wani asibiti a birnin Shikago ta ƙasar Amurka. Jikinsa zafi rau, yana tari, numfashi sama-sama. Dama yana da ciwon suga, yana kan allurar insulin. Kwana uku kafin nan ya leƙa wani ƙaramin asibiti da ƙorafin zazzaɓi da ciwon jiki da tari, aka zaci mura ce mai ƙarfi, aka ce ya wuce babban asibiti a ƙara dubawa. Bai je ba, ya koma gida.

Da likitocin gaggawa suka gan shi, hankalinsu ya fara zuwa kan zuciya. Dattijo, mai suga, numfashi na yi masa wuya: kowa zai ce zuciya ce ta gaza tura jini har ruwa ya taru a huhu. Aka ba shi maganin da ke sa fitsari don a rage ruwan. Sai sakamakon gwajin jini ya iso ya rushe wannan lissafi. Ƙoda ta fara gazawa, hanta ta taɓu, fararen ƙwayoyin jini sun kai kusan dubu 79 a ma'aunin da lafiyayyen mutum ba ya wuce dubu 11. Da aka shafa ɗigon jininsa a gilashi aka leƙa ta madubin ƙara girma, sai ga ƙwayoyin cuta suna yawo a fili. Nan take aka ɗaura masa magungunan kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Kimanin awa 12 da zuwansa numfashi ya gagara, aka sa masa na'ura. Bayan awa ɗaya zuciyarsa ta tsaya.

Sunan mutumin Malcolm Casadaban, malami kuma mai bincike kan ƙwayoyin gado a Jami'ar Shikago. A fagensa ba ƙaramin mutum ba ne. Tun shekarun 1970 ya fito da dabarar haɗa ƙwayar gado da wata don a gane lokacin da take aiki, kuma har gobe ɗakunan bincike a duniya suna amfani da nau'o'in bakteriyar E. coli masu ɗauke da haruffan sunansa, irin su MC4100. Likitocin da suka yi ta faman ceto shi ba su san da me yake aiki ba. Sai bayan rasuwarsa da kwanaki labari ya iso musu, kuma ranar 18 ga Satumba aka sanar da hukumomin lafiya abin da ya tsiro daga jininsa: Yersinia pestis.

Wannan suna kaɗai ya isa ya tayar da hankalin gari guda. Ita ce ƙwayar cutar fuleg, wadda ƙumar ɓeraye ke yaɗawa, wadda ta share kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai tsakanin 1347 da 1351. Aka bi abokan aikinsa da ma'aikatan asibiti da na kusa da shi da maganin kariya. Babu wanda ya kamu. Rabon da a samu wani ya ɗauki wannan cuta a ɗakin bincike a Amurka tun 1959.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, nau'in da yake aiki da shi bai kamata ya yi kisa ba. Ana kiransa KIM D27, asalinsa daga wani majiyyaci ne a yankin Kurdawan Iran, amma gurgu ne: babu wani babban yanki na ƙwayoyin gadonsa, mai tsawon harufa kusan dubu 102 na rubutun gadon. Saboda wannan naƙasa ne dokar Amurka ta cire shi daga jerin ƙwayoyin cuta masu hatsarin da ake tsare su da ƙofofi bisa ƙofofi, ake aiki da shi a ɗakin bincike na matsakaicin tsaro. Wani ɗan'uwansa mai irin wannan naƙasa ma allurar riga-kafi aka yi da shi, aka yi wa mutane da yawa a Madagaska tun shekarun 1930, daga baya a Tarayyar Sobiyet. Kafin Casadaban ba a taɓa jin wanda irin wannan nau'i ya kashe a ɗakin bincike ba.

Tambaya ta farko a bayyane take: ko ƙwayar ta warke daga gurguntarta ne? Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ɗauki wadda aka ciro daga jinin mamacin ta bincika. Yankin da ya ɓata yana nan a ɓace. Aka yi wa ɓeraye allurarta, ba ta yi musu ɓarnar da mai cikakken ƙarfi ke yi ba. Ta yadda ta shiga jikinsa kuwa, masu binciken sun fi zargin fata ko ido da baki, don abokan aikinsa sun ce ba kullum yake sa safar hannu ba. Ranar 4 ga Satumba ce ta ƙarshe da aka san ya taɓa ta. To amma shiga daban, kisa daban. Amsar sai a hantarsa aka same ta. Binciken gawa ya nuna ƙarfe danƙare a cikinta, gwajin jini ya nuna sinadarin ya wuce kima nesa ba kusa ba, gwajin ƙwayoyin gado kuma ya tabbatar yana da cutar tara ƙarfe ta gado, wadda likitoci ke kira hemokromatosis. Ya rayu shekara 60 da ita bai sani ba.

Kafin a ga alaƙar, sai an fahimci yadda jiki ke rowar ƙarfe. Babban mutum na ɗauke da giram 3 zuwa 4 kacal, bai kai nauyin ƙusa mai ɗan girma ba. Mafi yawansa yana cikin jajayen ƙwayoyin jini yana dakon iskar da muke shaƙa, wani yana cikin tsoka, saura a ajiye a hanta. Daga abinci miligiram 1 zuwa 2 ne kawai ke shiga a rana. Kuma jiki ba shi da wata hanyar fitar da shi da gangan: ba ya fita a fitsari kamar gishiri, sai ɗan abin da ke bin fata da bangon hanji idan suna saɓulewa, ko zubar jini. Wanda ya shiga ya shiga ke nan.

Sauran buƙatar jiki, wajen miligiram 20 zuwa 25 kowace rana, daga gwanjo take fitowa. Jan ƙwayar jini kwana 120 take yi ta tsufa. Wasu manyan ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj, waɗanda suka yi sansani a saifa da hanta, su ke haɗiye ta, su kwance ta, su ciro ƙarfen su mayar wa ɓargo ya ƙera sabuwa. Wato sojojin da ke cinye ƙwayoyin cuta su ne kuma ma'ajin ƙarfe. Wannan haɗi ba banza ba ne. Kusan duk wata bakteriya sai da ƙarfe take hayayyafa, don haka ɗaya daga cikin tsofaffin dabarun yaƙin jiki shi ne horo da yunwa. A cikin jini, ƙarfe ba ya yawo sakaka. Wani furotin mai suna taransfarin ne ke riƙe da shi gam, kuma a lafiyayyen mutum kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na hannayen wannan furotin ke cike, saura a buɗe suke suna jiran duk ɗan ɓurɓushin da ya kufce. Idan cuta ta shigo, hanta kan saki wani ɗan sinadari, hepsidin, wanda aka gano a farkon shekarun 2000. Aikinsa rufe ƙofar da ƙarfe ke bi ya fito daga bangon hanji da cikin makrofaj. Cikin awanni kaɗan ƙarfen da ke jini ya yi ƙasa warwas. Shi ya sa mai doguwar jinya kan yi fari fat ko da ana ɗura masa nama da hanta. Jikinsa ne ya ɓoye kayan da gangan.

Su ma ƙwayoyin cuta ba su zauna ba. Yersinia pestis mai cikakken ƙarfi tana ƙera wani sinadari da take jefawa waje ya fizgo ƙarfe daga hannun taransfarin ya dawo mata da shi, kamar ƙugiyar da ake zurawa rijiya a ciro guga. Umarnin ƙera wannan ƙugiya yana cikin yankin nan da KIM D27 ta rasa. Babbar gurguntarta ke nan. Sauran makamanta, har da allurar da take soka wa ƙwayoyin garkuwa ta shanye su, suna nan daram. Ta shiga jikin mutum ta tsaya a bakin rijiya ba ƙugiya, yunwa ta galabaitar da ita, sojoji su ƙarasa ta.

A jikin Casadaban rijiyar ta cika ta tumbatsa. Ya gaji lalatacciyar ƙwayar gado ta HFE daga uwa da uba duka, sauyin da ake kira C282Y, wanda aka gano a 1996. Mai wannan gado hantarsa ba ta sakin isasshen hepsidin, ƙofa kullum a buɗe, hanji na ta kwasar ƙarfe kamar ana cikin fari. Miligiram kaɗan a rana ba komai ba ne, amma a tara shekara arba'in, sai a tarar da giram 20 ko fiye. Gwajin da aka yi masa ya nuna hannayen taransfarin ɗinsa sun cika sama da kashi 80 cikin 100. Idan aka kai nan, ƙarfe kan fara yawo a jini ba mai riƙo, kowa ya miƙa hannu ya ɗauka.

Akwai wani abin mamaki a nan da ke rikita har ɗaliban likitanci. Mutum zai zaci makrofaj ɗin mai wannan cuta a cushe suke da ƙarfe. Akasin haka ne: da yake ƙofarsu ba ta rufuwa, kusan fanko suke, duk abin da suka kwance sai ya zube cikin jini. Saboda haka ƙwayoyin cutar da ke hayayyafa a ruwan jini su suka fi cin moriya. An daɗe da sanin cewa masu hemokromatosis na cikin hatsari daga Vibrio vulnificus, wadda ake ɗauka daga ɗanyar kawar teku, har likitoci kan hana su cin ta. Haka Yersinia enterocolitica, 'yar'uwar ta fuleg, wadda a jikin yawancin mutane gudawa kawai take sawa ta wuce, amma a jikinsu takan kai ga ƙurji a hanta. Su kansu sojojin ma ƙarfen ba ya barin su. A jikin masu tarin ƙarfe mai yawa an ga fararen ƙwayoyin jini na sahun gaba, nutrofil, sun yi sanyi wajen bin sawun cuta da haɗiye ta. Masu bincike a Fotugal kuma sun lura cewa majiyyatan hemokromatosis da ke da ƙarancin wani rukuni na ƙwayoyin garkuwa, CD8, su suka fi tara ƙarfe. Rahoton CDC na Fabrairun 2011 bai manta da ciwon sugansa ba, don shi ma yana raunana garkuwa. Sai dai ciwon suga kansa yana cikin 'ya'yan wannan cuta, idan ƙarfe ya lalata gaɓar da ke samar da insulin. Tun 1865 likitan Faransa Armand Trousseau ya bayyana majiyyaci mai suga da taurin hanta da fata mai launin tagulla.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan lamari shi ne gargaɗin ya girmi yawancin ma'aikatan ɗakin binciken. A 1956 wasu masana biyu a Ingila, Jackson da Burrows, sun wallafa cewa idan aka yi wa ɓera allurar ƙarfe tare da irin wannan gurguwar ƙwaya, sai ta koma mai kisa. Ilimin yana nan a rubuce shekara 53. Abin da ba a haɗa ba shi ne cewa a cikin mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, kusan ɗaya cikin 200 zuwa 300 yana ɗauke da gadon nan daga ɓangarori biyu, a Ayaland ma ya fi haka, kuma wasu daga cikinsu suna sanye da farar riga a ɗakunan bincike. Ba duk ne ke rashin lafiya ba. Wani babban nazari a Ostireliya da aka wallafa a 2008 ya samu kimanin kashi 28 cikin 100 na mazan da ke da gadon sun nuna cutar, mata kuwa kashi 1 kacal, don jinin al'ada da haihuwa suna rage musu kaya. Amma wanda ta kama, alamunta na farko ba sa ɗaga wa kowa hankali: kasala, ciwon gaɓoɓin yatsu, raunin sha'awa. Dattijo ya kai wannan ƙorafi, sai a ce masa tsufa ne.

Kasalar nan ta kawo mu ga tsoka. Tsoka na son ƙarfe, da shi take riƙe iska, da shi ƙananan injinan cikinta ke ƙona abinci su ba da ƙarfi. Matsalar ƙarfen da ba mai riƙo ita ce ba ya zama shiru. Yana haɗuwa da wasu sinadaran da numfashin ƙwayoyin jiki ke samarwa ya haifar da guba mai cin duk abin da ta taɓa, kitsen bango, furotin, har ƙwayoyin gado. Kusan tsatsa ce, sai dai a cikin nama. Tsokar zuciya ta fi kowa shan wahala, saboda ba ta hutu, injinanta sun fi yawa, kuma tana da ƙananan ƙofofi na shigar sinadarin kalsiyam waɗanda da su take bugawa. Wani bincike na 2003 ya nuna ƙarfe na saɗaɗawa ta waɗannan ƙofofi ya shige. Da fari zuciyar kan yi tauri ta kasa sakin jiki ta cika da jini, daga baya ta saki ta buɗe ta kasa matsawa, bugunta ya rikice. Kafin a samu magungunan fitar da ƙarfe, masu cutar talasemiya, wata cutar ƙarancin jini ta gado, da ke rayuwa kan ƙarin jini yawanci gazawar zuciya ce ke ɗauke su tun suna samari. Yanzu ana iya auna ƙarfen zuciya da na'urar hoto ta MRI tun kafin alamu su bayyana, kuma idan an fitar da shi da wuri tsokar kan farfaɗo, abin da ba kasafai ake samu a ciwon zuciya ba. Tsokar hannu da ƙafa ma ba ta tsira ba. A gwaji kan ɓeraye, tarin ƙarfe ya sa ta ƙanƙance ta rasa ƙarfi, kuma wani nazari na 2019 kan mutane sama da dubu 200 masu shekara 60 zuwa 70 a Birtaniya ya samu maza masu gadon nan sun fi sa'o'insu zubewar tsoka da raunin jiki da ciwon jiki mai daɗewa. Shi Casadaban, gubar ƙwayar cuta a jini aka ɗora wa mutuwarsa. Amma zargin farko da likitoci suka yi wa zuciyarsa ya faɗa kan gaɓar da wannan cuta ta saba kai wa hari, ba tare da sun sani ba.

Maganin kuwa har kunya yake ba mutum don sauƙi. Ɗibar jini ne, leda ɗaya ta kusan rabin lita a mako, kowace leda na fita da miligiram 200 zuwa 250 na ƙarfe, har ma'ajin ya sauko, sannan a koma sau uku ko huɗu a shekara. Wani zai ce ai ƙaho ke nan. Wanzami dai ba ya auna abin da ya fita, kuma ɗan abin da ƙaho ke tsotsa bai kai ko kusa ba.

Wannan gado na C282Y da wuya a same shi a Bahaushe. Tamu hanyar daban ce, ta ledar jini take zuwa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila, kuma yaron da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai, musamman don kare shi daga shanyewar ɓarin jiki, kowace leda tana bar masa ƙarfen da ba shi da hanyar fita. A nan makrofaj ne ke fara cika, sai hanta. Zuciyar masu sikila ba ta saurin tarawa kamar ta masu talasemiya, amma bayan leda wajen 20 likitoci kan fara auna ma'ajin ƙarfe a jini su duba ko lokacin maganin fitarwa ya yi. Tunda ba za a ɗebi jinin mai ƙarancin jini ba, sai magani mai kamo ƙarfe ya fitar da shi ta fitsari ko bayan gida. Mafi tsufansu, deferoksamin, shi kansa ƙugiya ce da aka aro daga wata bakteriyar ƙasa, kuma Yersinia enterocolitica ta iya karɓar ƙarfe daga hannunsa. Shi ya sa ake gaya wa mai amfani da shi ya dakata ya nemi likita da zarar zazzaɓi ya haɗu masa da ciwon ciki ko gudawa. Kuma wannan yaro, da duk farin idonsa, ba ya cikin waɗanda za a sayo wa maganin ƙarin jini a kemis don makwabciya ta ce ya yi fari. Ga mai ciki da ƙananan yaran da ƙarancin ƙarfe ke damu, waɗanda su suka fi yawa a wajenmu nesa ba kusa ba, ƙwayar maganin ƙarfe da aka ba su a asibiti alheri ce, su sha. Sai dai ko su, gwajin da aka yi a tsibirin Pemba na Zanzibar, wanda aka dakatar a 2003, ya nuna ba wa kowane yaro ƙarfe barkatai a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu ya ƙara yawan masu kwanciya asibiti ko mutuwa da kusan kashi 12 cikin 100. Daga nan aka koma haɗa shi da gidan sauro da maganin zazzaɓi.

A Shikago, shawarar CDC ba ta wuce abin da kowa ya sani ba: a sa safar hannu ko da an ce ƙwayar gurguwa ce, ma'aikacin da ya yi zazzaɓi ya faɗa wa likita da me yake aiki, cibiyoyi su riƙa bibiyar rashin lafiyar ma'aikatansu. Abokan aikinsa a jami'ar kuwa suka koma ɗakin bincike da tambayar. Suka samo ɓerayen da aka lalata wa ƙwayar gadon da ke tayar da hepsidin, waɗanda ke tara ƙarfe kamar mai hemokromatosis, suka sa musu gurguwar ƙwayar. A sakamakon da suka wallafa a 2012, waɗannan ɓeraye sun kamu da fuleg sun mutu, alhali ɓeraye na yau da kullum sun jure. Da aka yi musu riga-kafin da babu ƙwaya mai rai a cikinsa, furotin ɗaya kawai da aka tsamo daga jikinta, sai suka tsira.